Gwiwar Yaya Haladu da Dokar Gayya

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Larabar da ta wuce, ina zaune a zauren gidana a Birnin Kudu. Mu uku ne: ni, da mai ɗakina Hajiya Asabe tana tsintar wake a bakin ƙofar cikin gida, sai Sabo maƙwabcinmu, mutumin Basirka, wanda ya shigo yana dafa bango. Tun azahar ake ruwa, bai ɗauke ba sai bayan la'asar, indararo na ta ɗiga. Aron man zafi ne ya kawo Sabo. Ya ce sanyi ne ya kama masa gwiwa.

Na ce ya ɗage wando in gani. Gwiwar ta kumbura har fatar tana sheƙi. Na ɗora bayan hannuna a kai, na ji ta kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu. Na taɓa goshinsa, shi ma haka. Na ce ya tashi a kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Ya yi dariya, ya ce ai ciyawa na neman cinye masa gyaɗa.

"Bari in gama maimai, Baba, sai in je."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Hajiya ta ce tunda take ba ta taɓa jin na yi wa baƙo tsawa a zaure ba. Kafin magariba ƙaninsa ya ɗauke shi a babur, Sabo na ta gunaguni wai tsoho ya cika fitina. An riƙe shi a can, an ce ya zo a kan kari. Nasa ya wuce ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi, domin ba shi ya fara yin ta ba. Ni na yi ta, kimanin shekara hamsin da suka wuce, a kan gwiwar da ba tawa ba. Zan faɗi yadda aka yi daki-daki, domin ban iya ba da labari a hargitse ba.

Da shekarar fari za a fara. A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ruwa ya yaudare mu. Lokacin muna ƙauyenmu kusa da Dingaya, a ƙasar Gwaram, gandunmu ɗaya: Baba da Inna, yayana Haladu da matarsa Ladi da 'ya'yansu biyu, sai ni Sale, ina da shekara ashirin da huɗu. Sau uku muka yi shuka. Ta farko ta tsiro ta ƙone. Ta biyu ko tsirowa ba ta yi ba, zabbi suka tone irin. Ta uku ta kawo gwiwa ta tsaya, ganyen ya nannaɗe kamar busasshiyar taba. Hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa shi, mu tsaya muna kallon sama baki buɗe. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ɗaya ba.

Tun cikin wannan daminar rijiyar gari ta ja baya, guga ya koma dawowa da taɓo. Sai muka koma tafkin bayan gari. A nan shanu ke sha, a nan ake wanki, a nan kuma mai kurkunu ke zuwa ya tsoma ƙafarsa don ya ji sanyi. Ruwan kore ne, yana warin fitsarin shanu. Ladi takan bar shi a randa ya kwanta, mu sha na sama. Babu wanda ya san cewa a ruwan nan ake shan kurkunu, ya kwanta a jiki shekara guda kafin ya nemi hanyar fita. Mu a saninmu kurkunu da damina yake zuwa, kamar sauro.

Rani ya yi tsawo. Aka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya. Shanunmu biyu suka kwanta ba su tashi ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu. Inna ta ajiye babbar ƙwaryar awo ta ɗauko ƙarama, ba ta ce wa kowa komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da bazara ta shigo, ƙasa takan yi zafin da jaki ma ba ya yarda ya tsaya a rana. Samari kuwa suka yi ta zarewa. An ce kuɗin mai ya zo, ana gine-gine da aikin titi a Kano, wanda ya tafi yakan dawo da rediyo da agogon hannu, ya kwana biyu, ya ja wasu uku su bi shi. Matata Asabe ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Yalwan Damai, kuma gaskiya na ji sauƙi, baki ɗaya ya ragu.

Sai damina ta biyu ta sauka da gaske. Ruwan shuka ya zo da tsawa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Baba ya fasa wani tulu da ya liƙe bakinsa da yumɓu ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa, irin gero da dawa ne da ya hana mu ci ko a ranar da yara suka kwana suna kuka. Muka shuka, ya fito. Amma ciyawa ta fi shi ƙarfi, mu kuma babu ƙarfin. Abincinmu tafasa ne da rama, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli idan an samu. Mutum zai sunkuya da fartanya, kafin ya kai ƙarshen layi ya ga duhu-duhu, sai ya dafa ƙota ya jira duniya ta daina juyawa. Babu gidan da zai iya nome gonarsa shi kaɗai. Shi ya sa gida goma sha ɗaya muka haɗa gayya, ba irin ta kiɗa da fura ba, domin babu mai hatsin ciyar da taro. Kowa ya zo da cikinsa, yau gonar wannan, gobe ta wancan.

Ni aka ba tsara ranaku, saboda na yi firamare har aji huɗu. Ladi, da yake akwai wasa tsakanin matar wa da ƙanin miji, Akawu take kirana. A noman farko na ga abin da ban so ba: da an gama gonar mutum, sai ciwon kai ya kama shi, ba a sake ganinsa. Saboda haka kafin a shiga maimai, wato noma na biyu, na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar na kafa doka. Kowane gida zai aiko da mutum ɗaya kullum. Gidan da aka nemi mutuminsa rana ɗaya aka rasa, an soke ranarsa, babu uzuri sai mutuwa. Dattawa suka ce madalla.

Wanda doka ta fara hawa kansa shi ne Tanko, mai shanun amalanke. A ranar farko ta maimai naƙuda ta yi wa matarsa tsanani, ya tafi wani ƙauye ɗauko unguwarzoma. Da yamma ya zo ya same ni yana ba ni haƙuri. Na ce masa doka ba ta san fuska ba. Na soke ranarsa a gaban mutane. Tamu ranar ita ce ta tara.

Majiya ƙarfi a gandunmu biyu ne, ni da Yaya Haladu. Baba ya daɗe da ajiye fartanya saboda gwiwoyi. Nasa ciwon mun san shi: da safe su ƙage, idan ya ɗan taka su saki, idan hadari ya haɗu su yi ta tsuka, in ya miƙe ka ji ƙas-ƙas. Yakan gasa su a bakin murhu ya ji daɗi. Sanyi muke ce masa. Yaya Haladu kuwa ƙato ne, ko yunwar nan ba ta rage masa kafaɗa ba. Shi ke jan gaba a noma, yana yi yana tsokanar na baya, ya ce wa mutum ko fartanyar aro ce yake lallaɓa ta haka.

Rana ta biyu da fara maimai, wani ƙurji ya fito masa a gefen gwiwar dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Washegari ya fashe, kan kurkunu ya leƙo, fari kamar zaren ɗinki. Ladi ta san aikin, ta yi wa mahaifinta. Ta zuba ruwa a wurin, ta jira tsutsar ta ɗan fito da kanta, ta naɗe abin da ya fito a jikin tsinke, ta shafa man kaɗanya ta ɗaure da tsumma. Abin da ake samu a rana ba ya wuce tsawon gaɓar yatsa. Yaya ya zauna a gida, ni ina zuwa gayya, doka ta cika.

Amma ni ban gamsu ba. Gonarmu babba ce, kuma Haladu ɗaya ya fi mutum uku. Na zauna na auna: kurkunu kan kai tsawon hannu ko ya fi, idan gaɓar yatsa ce kullum, sai an yi wata ana abu ɗaya. Idan aka ninka sau uku ko huɗu, wataƙila ya samu ya tsaya a gona ranarmu. Da safiyar rana ta huɗu na karɓi tsinken daga hannun Ladi.

"Akawu, kurkunu ba ya jin lissafi," in ji ta. "Abin da ya ba ka shi za ka karɓa."

Na ce tsoro ne irin na mata. Yaya ya yi dariya ya ce, "Bar shi, Ladi, ai ya yi aji huɗu."

Na murɗa sau ɗaya, ya biyo. Na murɗa na biyu, na ji ya turje, kamar zaren da ya maƙale a ƙaya. Nan ya kamata in tsaya. Na murɗa na uku. Ya tsinke, ragowar ya zame ya koma ciki. Ladi ta dube ni, ta karɓi tsinken ta jefa a murhu. Na ɗauki fartanya na tafi gayya, ina ce wa kaina zai sake leƙowa.

Rana ta biyar gwiwar ta kumbura, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi. Rana ta shida ƙafar ba ta taɓa ƙasa. Ko tabarmar da yake kai aka ja sai ya yi ƙara, shi da na taɓa ganin bijimi ya take shi bai ce wash ba. Fatar ta miƙe tana sheƙi, zafinta kana jin sa kafin hannunka ya kai.

A nan sai an fahimci gidanmu. Yaya Haladu ɗan fari ne, mu kuma jinin masu shanu ne, alkunyar ɗan fari a wajenmu ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Babba yake cewa. Inna ba ta shiga ɗakinsa, ba ta kallonsa ido da ido. Duk kwanakin nan takan tsaya a bayan danga ta tambayi Ladi ya mai jiki, kamar tana tambayar baƙon maƙwabta. Ta dama kunu da ɗan garin da ya rage ta aika, ta ce na yara ne. Baba daga tsakar gida ya ce sanyi ne, gadon gidansu ne, a gasa masa da tsumma mai zafi, a kira wanzami. Ba za su iya nuna damuwa a fili ba, ba za su iya cewa a ɗauke shi ba. Saboda haka shawara ta faɗo kaina.

Wanzami ya zo da hantsi, tsoho ne mai hankali. Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, muka danne Yaya mu huɗu, ya yi masa sakiya. Ɗan ruwa da jini suka fito, ba wani abin kirki ba. Warin ƙonannen nama ya cika ɗakin. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce mugunyar tana can cikin gaɓa, inda ƙarfensa ba ya kaiwa, a nemi likita. Ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya faɗa mini, na ji da kunnena.

Babbar motar kasuwa, mai bodin katako, sau ɗaya take bi ta bakin titinmu a mako, ta wuce Birnin Kudu. Ranar ta faɗo a rana ta bakwai. Da sassafe ina wasa fartanya a kan dutse, Ladi ta zo ta durƙusa a gabana. Matar da kullum sai ta tsokane ni, ta durƙusa mini kamar ina surukinta.

"Don Allah, Malam Sale, ka kai shi yau."

Ga abin da na auna a lokacin, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Na ɗaya, idan na tafi babu mai zuwa gayya daga gidanmu, ranarmu ta soku. Na biyu, idan ba a yi mana maimai ba ciyawa za ta shaƙe geron, mu sake shekara da ƙaramar ƙwarya. Na uku, kuma shi ne na gaskiya, na tuna fuskar Tanko ranar da na ce masa doka ba ta san fuska ba. Da wane baki zan tsaya a ƙofar masallaci in ce a yi mini uzuri? Kwana biyu ne kawai suka rage.

"Bari a gama maimai," na ce mata.

Na saɓa fartanya na fita. Wajen hantsi, ina sunkuye a gonar wani, na ji ƙahon motar daga nesa, sau biyu. Ban ɗaga kai ba.

Rana ta takwas Yaya ya fara sambatu. Yana kiran shanunmu da suka mutu da sunayensu, yana cewa a kora su rafi. Wurin sakiyar ya fara wari, ƙudaje suka cika ɗakin, Ladi na zaune da mafici tun safe har yamma. Ba ta sake yi mini magana ba. Ta ajiye mini kwaɗon rama a ƙofar ɗakina ta juya.

Rana ta tara aka wayi gari an sha ruwa, ƙasa ta yi laushi, irin ranar da manomi ke roƙo. Rana na fitowa mutane suka iso gonarmu, har da Tanko, domin shi da aka soke wa rana bai fasa zuwa ta kowa ba. Kafin hantsi ya ɗaga an ci rabin gonar. Ina kallon geron yana fitowa daga cikin ciyawa, kore shar, raina ya yi fari, na ce ga amfanin tsari. Da aka zauna shan iska, Tanko ya ce bari ya leƙa ya gaida Haladu, tunda gidan ba nisa. Bai daɗe ba ya dawo. Ya tsaya a kaina, mutane na zaune suna ji.

"Sale, kwana nawa ƙafar nan tana haka?"

Na ce biyar.

"Me ya hana ka kai shi?"

Na ce ai ya san doka.

"Dokarka ce, ba tamu ba. Da ka buɗe baki, da mun nome gonar nan kana Birnin Kudu. Wa ka tambaya a cikinmu?"

Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda na tambaya. Wani dattijo ya ce shi ya ɗauka kurkunu ne irin na kowa, tunda kullum aka tambaye ni sai in ce da sauƙi. Haka ne kuwa, abin da nake cewa ke nan.

Tanko ya yar da fartanya ya tafi ya ɗaura wa ramammun shanunsa amalanke. Muka shimfiɗa tabarma da zannuwa, muka ɗauko Yaya mu shida. Muna fita ƙofar gida Inna ta fito da gudu ba mayafi, ta kama kansa da hannu biyu tana kiran sunansa, a gaban maza. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Baba ya zagaya bayan rumbu, ba mu ga fitowarsa ba.

Hanyar duk taɓo ce. Sau uku ƙafar amalanke na nutsewa, mu sauka mu tura, kowace girgiza Yaya ya yi ƙara. Rafin da ke tsakaninmu da titi ya kawo, muka jira ya ɗan ja baya sannan muka tsallaka, ruwa har ƙugu. Bayan azahar muka kai titi. Babu motar kasuwa, sai wata tifa ta masu aikin hanya, direban ya ga halin da muke ciki ya tsaya. A kan tsakuwa muka kwantar da shi. Da la'asar sakaliya muka shiga asibiti.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Wani malamin asibiti, dattijo mai furfura a gemu, shi ke fassara. Tambayar farko ita ce yaushe gwiwar ta fara zafi da zazzaɓi. Na ce kwana biyar. Malamin ya dube ni tukuna, sannan ya fassara. Aka soka allura a gwiwar, mugunya ta cika sirinji, aka shiga da shi ɗakin tiyata aka buɗe aka wanke. Da malamin ya fito ya zaunar da ni a benci. Ya ce idan ƙwayar cuta ta shiga cikin gaɓa, cin guringuntsi take kamar yadda gara ke cin azara, kuma kwana kaɗan take buƙata. Da mun zo ranar farko ko ta biyu, da wataƙila ya koma gona da ƙafarsa. Yanzu ransa ake nema, sannan ƙafar. Gwiwar kuwa, ya ce kada in sa rai.

Mako biyar Yaya ya yi a kwance, allura safe da yamma. Ladi ta zo ta zauna jinya, ni ina kaiwa da komowa. A zaman bencin nan na ga abin da har yau yake ɓata mini rai. Duk wanda ya zo da ciwon gaɓa, aka tambaye shi, sai ya ce sanyi. Malamin nan har tsaki yake yi. Wata tsohuwa ta zo da gwiwoyi irin na Baba, ya ce nata gogewa ce ta shekaru, aka ba ta ƙwaya, aka ce ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan, ta daina ɗaukar tulu. Wani makiyayi ya yi wata uku zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ƙugu da gwiwa na ciwo, aka ce daga ɗanyar madarar da ba a tafasa ba ya samo, kuma yana da magani. Akwai wata yarinya da aka yi wa tsaga a duk gaɓoɓinta, ashe amosanin jini ne, abin da yanzu ake kira sikila, tsagar ba ta ƙara mata komai ba sai zubar jinin da ba ta da shi. Har wani mahauci mai ƙiba na gani yana hawaye saboda babban yatsan ƙafa, aka ce wani gishiri ne ke taruwa masa a gaɓa, ya rage nama da kayan ciki. Ciwo biyar, har da na Yaya, kowanne da dalilinsa da maganinsa, mu kuma suna ɗaya muka ba su, tsumma ɗaya muke gasa musu.

Malamin ne ya koya mini taɓawa da bayan hannu. Ya ce ciwon da ya daɗe yana tafiya a hankali, shi ma a zo a duba, musamman idan ya wuce mako biyu, ko gaɓoɓi da yawa suka kumbura, ko suna ƙagewa tun safe har hantsi. Amma wannan zai iya jiran ranar kasuwa. Wanda ba ya jira shi ne gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ga mutum ya kasa taka ta, balle idan akwai rauni ko ƙurji a kusa. Haka wanda ya faɗi gaɓar ta karkace. Ya ce waɗannan ko ranar Sallah ce a taho.

Lokacin da aka sallame mu gero ya nuna, yara na gasa tumu a ko'ina. Ba mu taɓa samun amfani irin na wannan shekarar ba, rumbuna uku muka cika, Inna ta mayar da babbar ƙwarya. Yaya Haladu ya shigo gari a kan jaki, ƙafar dama a miƙe sambal kamar taɓarya. Ba ta sake lanƙwasuwa ba. Shekararsa talatin da ɗaya. Bai sake riƙe fartanya ba. Ya koma saƙar tabarma da tufkar igiya a gindin bango, a masallaci kuma ya zauna a ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe, yara na tsallake ta.

Yanzu kurkunu ya ƙare, jikokina ko sunansa ba su sani ba. Akwai rijiyar burtsatse, akwai kwalta, babur na kai mutum asibiti kafin shayi ya huce. Abin da ya ƙaru shi ne kantin magani a kowace kwana, mutum ya sayi ƙwayar kashe zafi ya haɗiya, ciwon ya yi shiru yana cin gaɓar, shi kuma ya koma gona.

Da Yaya ya zage ni, da na huta. Bai taɓa yi ba. Bayan girbi na same shi shi kaɗai, na durƙusa na fara magana, ban kai rabi ba ya katse ni.

"An wuce wurin, Sale. Miƙo mini kabar can."

Na miƙa masa. Shekara talatin da biyu ya ƙara a duniya, bai sake barin na tayar da zancen ba. Ranar da ya rasu ni na yi masa wanka. Da na zo kan ƙafar na sa hannu a ƙarƙashin gwiwar na ɗaga a hankali, ban san abin da nake tsammani ba. Ko a lokacin ba ta lanƙwasu ba.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan wani a gidanka ya ce sanyi ya kama masa gaɓa, kada ka amsa daga tsakar gida. Tashi ka shiga, ka ɗage tufar, ka ɗora bayan hannunka a kan gaɓar, sannan a goshinsa. Idan duka biyun da zafi, kada a gasa, kada a tsaga, kada a jira a gama komai. A ranar za a tafi. Idan kuma aiki ne ya riƙe ka, fita ƙofar gida ka faɗa wa maƙwabta da bakinka, za a samu mai riƙe maka. Sannan idan ka idar da sallah, ka sa Haladu a addu'a.